Ku Tambayi Baba Fita: wincin anga ya ƙi jan sarƙa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni yaron jirgi ne a Tema, gidanmu Ashaiman, maigidana yana da ɗan jirgi na faiba da muke kai mutane kamun kifi da ƙugiya, a goshinsa akwai winci na lantarki mai bolt 12 da muke jan anga da shi. To kwanan nan in na taka maɓallin sai dai in ji ƙas ƙas, wani lokaci ya ja kaɗan ya tsaya, da hannu muke ja yanzu har bayana ya fara ciwo. Wani ya ce wai moton da ke juya wincin ne ya ƙone sai an sayo sabo. Dan Allah Baba mene ne gaskiya? Ɗanka daga Ashaiman.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi albarka. Ka ce wa maigida ya mayar da kuɗinsa aljihu tukuna. Wannan ƙas ƙas da kake ji solonoyid ne, ɗan akwatin nan da ke sakar wa moto wuta, kuma tunda yana ƙara to maɓallin ƙafarka yana aiki kenan, saura mu gano ko wutar tana isa. Moto mai wat 1000 a kan bolt 12 yana shan amfiya sama da 80 in yana jan nauyi, kuma batir yana can baya kusa da inji shi winci yana gaba, wayar doguwa ce, duk inda bakin waya ya yi tsatsa nan wuta za ta maƙale. Ka ari mitar auna wuta wajen mai gyaran waya, ka tada inji, ka sa wani ya taka maɓalli kai kuma ka auna a kan batir sannan ka auna a bakin moto. In batir ya nuna 12 da wani abu amma a bakin moto ya faɗi ƙasa da 11, waya ce ke cinye wutar. Kashe babban makunni, kwance bakin wayoyin ɗaya bayan ɗaya, za ka ga wani kore-kore ko farin gari kamar toka, ka goge da samfefa har jan ƙarfen ya fito yana ƙyalli, ka ɗaure da kyau ka shafa basilin a kai. In cikin wayar ya yi baƙi ka yanke har inda ta ke da lafiya a sa sabon baki.

In kuma wuta tana shiga solonoyid cikakkiya amma ba ta fita, haƙoransa na ciki ne suka ƙone, shi kaɗai za a canza. Sai duk wannan ya wuce sannan a buɗe moto, kuma ko nan ma sau da yawa kabon, ɗan gawayin nan da ke kai wuta cikin moto, shi ne ya cinye ko ruwan gishiri ya sa ya maƙale a gidansa, masu gyaran kikstata na Abossey Okai sun san wannan aikin tsaf don kusan abu ɗaya ne.

Amma ɗana akwai abin da nake so ka gaya min tsakaninka da Allah, in za ku tashi da winci kuke jawo jirgi zuwa kan anga ko? Wallahi wannan ɗabi'ar ita ke kashe winci a gaɓar nan tamu, ga igiyar ruwa tana ɗaga jirgi tana saukewa, kowane ɗagawa a kan giya da moto yake ƙarewa. Aikin winci ɗaga sarƙa da anga ne kawai. Direba ya sa giya a hankali ya matso, kai kana tattara sarƙar da ta saki, in anga ya kafe a ƙasa ka ɗaure sarƙa a turken gaba a fizge shi da ƙarfin inji. Haka in kun tsaya, kar a bar nauyin jirgi a kan winci, a sa igiyar nailon mai ƙugiya ta riƙe sarƙar. Kuma kar ka taɓa jan anga inji yana kashe, batir zai yi sanyi moto ya ɗau zafi.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Ni ina Nima amma a Ada nake tuƙa jirgin wani Alhaji. Mun sayi sarƙa mai milimita 10 ta hannu, tun ranar take tsalle a kan tayar winci tana ƙara kamar za ta karye, kuma in na saki kulochi don anga ya sauka ko ya ƙi sakewa ko ya tafi gaba ɗaya fuuu. Ƙanenka daga Nima.

AMSA: Barka kadai ƙanena. Matsala biyu ce ka haɗa. Sarƙa mai milimita 10 kala biyu ce a kasuwa, akwai mai lamba DIN 766 wadda tsawon cikin zobenta milimita 28 ne, akwai mai lamba ISO mai 30, ido ba zai gane ba amma tayar nan mai ramuka da ake kira jifsi ta sani, don an zuba ta ne daidai da guda ɗaya. Duba jikin tayar, yawanci an buga lambar a kai. Tsohuwar sarƙa ma tana miƙewa in zobunan sun ci juna, sai ta daina zama cikin rami. Ni shawarata kullum, ka cire jifsin ka sa a leda ka tafi da shi wajen mai sarƙa, ka naɗa a kai ka ga kowane zobe ya kwanta, in bai kwanta ba ka bar masa kayansa komai arha. Sarƙa mai tsalle tana cire yatsa, ba wasa ba ne, kuma kar hannunka ya je kusa da ita sai makunni yana kashe.

Shi kuwa kulochi gishiri ne da yashin Ada suka daskare a ciki. Kwance notin sama, ka jera kayan a kan tsumma yadda ka ciro su, ka ɗau hoto da waya ma don kar ka manta, ka kula da ɗan makullin ƙarfen da ke kan shaf don ƙarami ne kuma ruwa yake so. Za ka ga mazugi biyu sama da ƙasan jifsi, ka wanke su da kananzir, ka shafa giris na jirgin ruwa siriri, shaf ɗin ma haka. In naka mai birki ne na ɗamara, giris kar ya taɓa shi ko kaɗan.

TAMBAYA: Baba sau nawa ya kamata a yi wa winci sabis? Wani mai karatu daga Sabon Zongo.

AMSA: Wanka da ruwan famfo duk ranar da aka dawo daga teku, bokiti ɗaya ya isa, har da sarƙar. Ranar Talata da masunta ba sa fita teku a nan Ankara, ka ɗan juya shi sama da ƙasa ko ba aiki don kar ya daskare. Kulochi da giris duk wata uku zuwa shida. Babban sabis kuma ka bari sai Yuli lokacin da gwamnati ta saba rufe kamun kifi, ka duba man giya, da yawa SAE 90 suke sha amma ka bi littafin naka, in ka ga man ya koma fari kamar koko ruwa ya shiga, a canza sil, robar da ke tare ruwa, da mai gaba ɗaya. Kusoshin ƙarfe mara tsatsa da ke shiga jikin alminiyom ka kwance su ka shafa musu maganin kamewa, in ka bar su shekara biyu sai dai a huda. Ka zazzage sarƙar duka a kan gaɓa ka juya ta, bakin da ke wajen anga ya koma ciki, ka buɗe ramin da ruwa ke fita daga ɗakin sarƙa don laka tana toshe shi moto ya zauna cikin danshi, sannan ƙarshen sarƙar ka ɗaure shi da igiya a jikin jirgi, doguwa yadda za ta fito har sama, saboda ranar da anga ya kafe kuma iska ta taso ka iya sa wuƙa.