Yarona ya ƙi tuwo, sai shayi da biskit

Tambaya: Anti, barka da aiki. Yarona ɗan shekara 4 ne, bana ya shiga nazare. Da safe shayi da burodi kawai yake karɓa, in ya dawo sai biskit da lemon kwalba da babansa ke sayo masa. Tuwo kuwa sai na yi masa ɗure yana kuka. Kakarsa ta ce a nemo maganin cin abinci. Yaya zan yi?
Wata uwa daga Jekadafari, Gombe

Amsa: 'Yar'uwa, don Allah ki bar ɗuren nan daga yau. Yaro na iya ƙwarewa, kuma yana ƙara tsanar tuwon ne.

Yaronki ba rashin ci ke damunsa ba, a ƙoshe yake zuwa gaban kwano. Cikinsa ƙarami ne, kuma ƙaramar kwalbar lemo ɗaya na ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 9. Ina tuwo zai samu wuri? Ki zauna da maigida cikin lalama, tsarabar ta koma ayaba, gwanda ko dafaffen ƙwai. Nasan ƙauna ce ke sa shi sayowa, shi ya sa ban ce ya daina tsaraba ba.

Shayin ya fi damuna. Ganyen shayi na rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, wanda rashinsa ke kawo ƙarancin jini. Ki soya gero, waken suya da gyaɗa, a niƙo, ki riƙa dama masa kunu mai kauri. Da rana faten wake da manja da alayyafo, ki biyo da ɓarin lemon zaƙi, don shi yana taimaka wa ƙarfen shiga jiki. Gyaɗa a daka masa, ƙwayarta na shaƙe ƙananan yara.

Autata ta ƙi zogale ya fi sau goma. Ban matsa mata ba, nakan zuba kwaɗon a faranti ɗaya muna ci da yayyenta, har ranar da ta miƙo hannu da kanta. Ki zuba masa kaɗan, ku ci tare, in ya ce ya ƙoshi ki ɗauke, amma kada biskit ya biyo baya.

Ki ba Hajiya haƙuri kan maganin, kada a sayo a kemis. In kin ga yana ramewa, ƙafafunsa sun kumbura ko tafin hannunsa ya yi fari, ki kai shi asibitin sha-ka-tafi a auna damtsensa da nauyinsa, ki kuma tambayi maganin tsutsar ciki da bitamin A da ake ba yara 'yan ƙasa da shekara 5.