Kyamara ta kama ni a Manchesta, in ce yayana ne ke tuƙi?

Tambaya: Malam, ni ɗan Tudun Wadar Zariya ne, shekarata biyu a Manchesta ina aikin kula da tsofaffi. Bara na ci jarrabawar tuƙi ta nan. Makon jiya 'yan sanda suka aiko mini da takarda, wai kyamara ta ɗauki motata tana gudun mil 36 a inda aka ƙayyade 30. Ina tsoron kada abin ya taɓa takardun zamana. Abokina ya ce in rubuta sunan yayana da ya zo ziyara ya koma gida, tunda ba mai bin sa har Zariya. Me ka gani?

Amsa: Ƙanena, kada ka kuskura. Garin neman gira za ka rasa ido.

Laifin da ka yi ƙarami ne. A Ingila mafi ƙarancin hukuncinsa tarar fam 100 ce da makin laifi 3 a kan lasisi. Sau da yawa ma, in gudun bai wuce misali ba kuma ba ka zauna ajin wayar da kai kan gudu cikin shekara 3 da suka wuce ba, sukan ba ka zaɓin zama ajin. Ka biya kuɗin ajin, ba maki. Irin wannan tarar da ake biya ba tare da an je kotu ba, ba hukuncin kotu ba ce. Idan fom ɗin sabunta biza ko na neman zama ɗan ƙasa ya tambaye ka, ka rubuta ta. Guda ɗaya da aka biya a kan lokaci ba ta cika hana kowa komai ba. Wadda aka ɓoye, ko wadda aka ƙi biya har ta kai gaban alƙali, ita ke zama ƙaya.

Shawarar abokinka kuwa wani laifi ne daban, babba: yi wa shari'a zagon ƙasa. A nan gida mun saba da tsayawa a Kwangila ko Ƙofar Doka a yi ta "ranka ya daɗe, a yi haƙuri" har a rabu lafiya. Kyamara ba ta jin magiya, masu bin bayanta kuma sun san dabarar "ai baƙo ne, ya koma ƙasarsu" tun kafin ka sauka a ƙasar. Suna iya neman shaidar ranar da yayanka ya shigo da ranar da ya fita, su nemi inshorar da ta halatta masa tuƙa motarka. In babu, ka jawo wa kanka laifin ba mara inshora mota. Chris Huhne ya taɓa zama minista sukutum a gwamnatinsu. A 2003 matarsa ta karɓi makin gudun da ya yi, bayan shekara 8 asiri ya tonu, a 2013 aka ɗaure kowannensu wata 8. Kai da ke zaune bisa bizar aiki fa? Shi ma Yaya, bawan Allah, yana can Tudun Wada bai san an shafa masa kashin kaji ba.

Abin da ya kamata ya hana ka barci shi ne lissafin maki. Tsohon direba sai ya tara 12 cikin shekara 3 ake dakatar da shi. Kai sabo ne: maki 6 cikin shekara 2 na farko, an soke lasisin, ka koma jarrabawa daga tushe. Riƙe waya kana tuƙi kaɗai maki 6 ne da fam 200. Ga shi aikinka na bin gidaje ne, ba mota ba aiki. Don haka kiran gida, ko na Hajiya ne, ya jira ka faka.

Kwana 28 suka ba ka ka faɗi wanda ke tuƙi, kuma yin shiru kansa maki 6 ne. Cika takardar da sunanka yau, ka ɗauki hotonta ka ajiye kafin ka aika. In sun ba ka zaɓin aji, ka karɓa.