Tambaya da Amsa: Lissafin kabohaidiret daga jikin leda da gwangwani

Tambaya: Assalamu alaikum. Likita ya ce in rage sitaci da sukari, kada in wuce giram 100 na kabohaidiret a yini. Na fara duba rubutun da ke bayan kayan abinci, amma lambobin sun ruɗa ni. Wacce zan bi? — Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Layi biyu kawai za ki fara nema. Na farko shi ne inda aka rubuta "Serving size", wato adadin da kamfani ya ɗauka mutum zai ci a zama guda. Na biyu shi ne "Carbohydrate". Inda mutane ke tafka kuskure shi ne su ɗauka lambar ta ledar ce baki ɗaya, alhali ta ɗan wancan adadin ce, kuma da wuya ya kai abin da mutum ke ci da gaske.

Mu ɗauki misali. Ledar biskit mai nauyin giram 120, guda 12 a ciki. An rubuta ci ɗaya guda uku ne, giram 30, kabohaidiret ɗinsa giram 21. Kin ci shida da shayi, kin ci giram 42 ke nan. Kin cinye ledar, giram 84, saura 16 kacal ya rage miki har ki kwanta.

Mun fi son ki riƙa aiki da jerin da aka rubuta "per 100g", domin shi ba ya canzawa daga wannan kamfani zuwa wancan. Ki ninka lambar da nauyin abin da kika ci, ki raba da 100. Abin sha ma haka ne, sai dai da mililita ake auna shi. Lemon kwalba mai giram 10.6 a kowane mililita 100, kwalbar 50cl mililita 500 ce, ya zama giram 53. Cokalin shayi na sukari kusan giram 4 ne, kin ga kusan cokali 13 kika sha.

Layin da ke ƙasa, "of which sugars", wato sukarin da ke ciki, yana cikin lambar sama, kada ki sake haɗa shi. Kada kuma ki lissafa shi kaɗai. Busasshiyar taliya sukarinta bai fi giram 3 ko 4 ba a giram 100, amma kabohaidiret ɗinta ya haura 70, kuma sitacin nan sukari yake komawa da zarar ya narke a ciki.

Tambaya: Na ji ana cewa a cire harza daga lissafi. Kayan da muke saye a nan wasu da Faransanci aka rubuta, wasu da Ingilishi. Duk haka zan yi? — Mai karatu daga Maraɗi

Amsa: A'a, Malam, kuma tambayarka ta taɓo inda ko waɗanda suka daɗe suna lissafin ke zamewa. Harza, wato ɓangaren abinci irin dusa da hanji ba ya narkarwa, ba ta ɗaga sukarin jini, shi ya sa ake cire ta. Amma ƙasashe sun bambanta wajen rubutu.

A tsarin Amurka ana rubuta "Total Carbohydrate", sai "Dietary Fiber" a ƙarƙashinsa an ɗan tura shi ciki. Nan harzar tana cikin jimilla, sai ka cire: 20 a sama, 8 harza, naka 12. A tsarin Turai, har da Ingila da Faransa, an riga an cire ta. Idan ka ga "Glucides" (kabohaidiret da Faransanci), sai "dont sucres" (sukarin da ke ciki), sannan "Fibres alimentaires" (harza) a layinta daban, to lambar "Glucides" ita ce taka, kada ka taɓa ta. Wanda ya sake cirewa ya cire sau biyu, yana ganin ya ci 4 alhali 12 ya ci.

Idan tsarin bai fito maka fili ba, ka ƙirga lambar yadda take. Gara lissafi ya ɗan yi sama da ya yi ƙasa, in dai ba allurar insulin kake aunawa da shi ba. Mai allura ya tambayi likitansa tsarin da zai bi.

Tambaya: Abin da aka rubuta wa "sugar free" ko "no added sugar" zan iya ci ba lissafi? — Mai karatu daga Kumasi

Amsa: Ba za ki iya ba, Hajiya. Biskit marar sukari da fulawa aka yi shi. Ruwan 'ya'yan itace na kwali da ba a ƙara wa sukari ba yana ɗauke da nasa, kusan giram 10 a mililita 100, kafaɗa da kafaɗa da lemon kwalba. Madarar gari ma tana da kusan giram 38 a giram 100 ko ba a zuba mata komai ba.

Ki juya ki karanta jerin kayan haɗi. Ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka idan maltodextrin, glucose syrup, dextrose ko starch ya zo cikin ukun farko, ki ajiye, domin duk sukari ne ko sitaci. Alewa da cakulan na masu ciwon sukari kuwa galibi da maltitol ko sorbitol ake zaƙaƙa su. Maltitol yana ɗaga sukarin jini, duk da bai kai sukari ba, shi ya sa aka saba ƙirga rabinsa. Idan aka ci da yawa kuma yakan kawo kumburin ciki da gudawa. Erythritol, wani abin zaƙin irin su, shi ne ake iya cirewa daga lissafi gaba ɗaya.

Tambaya: Buhun shinkafa ya ce giram 78, wani jadawali kuma ya ce 28. Waye mai gaskiya? Sannan ina shan maganin sukari, ko akwai matsala? — Mai karatu daga Jos

Amsa: Duka biyun, Alhaji. Na jikin buhu na ɗanya ne. Idan ta dahu tana shan ruwa har nauyinta ya kusa ninkawa uku, sai giram 100 na dafaffiya ya koma kusan 28. Ka sayi ƙaramin sikelin kicin, ka ɗora kwano, ka mayar da shi sifili, sannan ka zuba. Ka auna dafaffiya, ka bi lambar dafaffiya. Malmalar da ta kai giram 300 ta ba ka kusan 84.

Abin da ba shi da takarda sai a riƙe kimanin lambarsa: cokalin cin abinci na zuma kusan giram 17, dabino kusan 75 a giram 100, ƙwai ƙasa da giram ɗaya. Nama da kifi ba su da komai, sai dai abin da aka barbaɗa musu, kamar ƙuli-ƙulin tsire ko fulawar suya.

Batun magani shi ne mafi girma a wasiƙarka. Insulin da ƙwayoyi irin su glibenclamide an auna maka su ne daidai da yadda kake ci a da. Ka zabge tuwo da shinkafa dare ɗaya ba a rage maganin ba, sukari zai iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'ura, ko 3.9 idan taka mmol take nunawa, sai gumi, rawar jiki, jiri, wani lokaci har suma. Idan hakan ta faru, ka sha giram 15 na sukari, kusan cokalin shayi huɗu a ruwa, ka sake gwadawa bayan minti 15. Kafin ka rage abinci kuwa, ka rubuta abin da kake ci na kwana uku tare da lambobin gwajinka, ka kai wa likitan da ke duba ka ya daidaita maganin.