Kyamara mai jawo nesa: za ta mayar da jarinta a bukukuwan Maraɗi?

Tambayar ta zo daga wani ɗan kasuwa mai shagon fotokofi da wanke hotuna a unguwar Zariya, Maraɗi: "Na tara jika 300, wato sefa dubu 300. An yi mini tayin Nikon P900 ta hannu a kan jika 250, irin wadda ke jawo wata har a ga ramukansa. Ina son in fara ɗaukar hoton buki da suna da hawan Sallah da kokowa. Hoto mai girman santimita 10 da 15 ina sayar da shi sefa 500, rabi riba. In saya?"

Malam, in buki da suna ne za su riƙa kawo maka kuɗi, kada ka saya. In kuwa kana da masu biyanka hoton fili da rana tsaka, irin su mahaya dawaki da iyayen gidan 'yan kokowa, to akwai magana, amma ba da dukan jarinka ba.

Bari mu fara da abin da ke cikin kyamarar, don a can dalilin yake. P900 ta fito a 2015. Tana jawo abu sau 83, daga milimita 24 zuwa 2000 a ma'aunin masu hoto, kuma gilashinta a manne yake, ba a cire shi a sa wani. Ita da 'yan'uwanta, irin su P950 da P1000 da Canon SX70 da Panasonic FZ82, su ake kira kyamarorin burij. Ba su iya wannan nisan ba sai da aka ƙanƙantar da sansa, wato ɗan farantin da haske ke sauka a kai ya zama hoto. Na P900 faɗinsa milimita 6.2 ne, tsayinsa 4.6. Na kyamarar Nikon mai sauya gilashi, ko da ƙarama ce irin D3300, milimita 23.5 ne da 15.6, ya ninka na P900 kusan sau 13 ke nan. Wasu wayoyin hannu masu tsada ma sansarsu ta fi ta P900 girma. Jikin kyamarar ne kawai ke da girma da kwarjini, kuma shi ne ke ruɗar mai saye.

Ƙaramin faranti haske kaɗan yake tarawa. Da hantsi a fili ba ka da matsala, rana ta wadata, kyamarar tana aiki a ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin yadda take ƙara wa hoto haske in haske ya yi kaɗan), hoto ya fito tas. Amma tuna inda ake yin kuɗin hoto a Maraɗi: ɗakin amarya mai kwan fitila ɗaya, zaure, ƙarƙashin rumfar tanti, walimar da ba ta kankama sai bayan la'asar. A irin waɗannan wurare kyamarar za ta tura ISO zuwa 800 ko 1600, hoton ya cika da tsaki-tsaki. Daga nan sai ta shafe tsakin da kanta, ta haɗa da abin da ake so a gani. Ka buɗe irin wannan hoto a kwamfuta ka matso da shi: zanen lallen da ke bayan hannun amarya ya narke ya koma dabbare-dabbare, zaren aikin da ke wuyan rigar ango ya haɗe wuri ɗaya, fuska ta yi sumul babu gashin gira. A fuskar waya ba lalle a lura ba. Ranar da uwar amarya ta ce a wanke mata babba na ratayewa a bango, ranar asiri ke tonuwa.

Akwai kuma ƙofar haske. In ba ka jawo komai ba tana buɗe a f/2.8, in ka kai ƙarshen zum, wato iyakar jawowarta, sai ta tsuke zuwa f/6.5 (lambar f in ta ƙaru, ƙofar tsukewa take), hasken da ke shiga ya ragu fiye da sau biyar. Wato a daidai lokacin da kake buƙatar kyamara ta ƙifta da sauri don kada rawar hannu ta ɓata hoto, a lokacin ne take da ƙarancin haske. Sannan P900 ba ta da mazaunin filash na waje, ba ta da kafar makirfo, kuma ba ta ajiye ɗanyen hoto na RAW da ake iya gyarawa sosai a kwamfuta, sai JPEG kawai, wanda ita ta riga ta sarrafa. Ga mai aikin buki waɗannan ukun ba ƙananan rashi ba ne. Ɗan filash ɗin da ke kanta bai kai ƙarfin na waje ba, kuma farar shadda in ta ƙone a JPEG ba abin da za ka iya dawowa da shi. An gyara duka ukun a P950 ta 2020, amma sansar tana nan yadda take.

Megafiksel 16 da aka rubuta a kwalin kada ya dame ka ko ya burge ka. Hoto mai girman 10 da 15 megafiksel 2 ya ishe shi.

To nisan fa, wanda shi ne abin tallar? Gaskiya ne tana jawowa, kuma ba kyamarar da za ta ba ka milimita 2000 a wannan farashi in ba irinta ba. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tsakaninka da abin da ka jawo akwai iska, ita kuwa iskar Maraɗi ba kullum take yarda ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana wanke launi, hoto ya fito fari-fari. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙasa na tururi, duk abin da ke nesa sai ya riƙa rawa, gefen fuska ya lanƙwashe. Wannan ba laifin gilashi ba ne, kuma tsadar kyamara ba ta maganinsa. Wata yana fitowa da kyau ne saboda yana da haske sosai, ba ya sukuwa, kuma sama kake kallo, ba saman kwalta mai zafi ba. Ba kuma hoton wata ne zai kawo maka kuɗi ba.

A aikin da ake biya, abin da za ka yi amfani da shi bai cika wuce milimita 600 zuwa 800 ba. Daga bakin da'irar filin kokowa, ko daga gefen hanya ranar hawan Sarkin Katsinan Maraɗi ko na Sarkin Gobir a Tsibiri, wannan ya isa ka cika hoto da mahayi da dokinsa. Sauran zum ɗin kuɗinsa ka biya, amma zama zai yi.

Yanzu lissafi, da alƙaluman da ka bayar. Riba sefa 250 a hoto, kyamara jika 250: sai ka sayar da hoto 1,000 kafin kuɗin kyamara kaɗai ya dawo. A ce kowane buki ana karɓar hoto 60, ribar jika 15 ke nan, buki 17. In hotunan ɗaki da na dare sun lalace aka ƙi kashi ɗaya cikin uku, ka koma jika 10, buki 25. Ba mu sa batir na biyu ba, da katin ajiya, da jaka, da kuɗin kabu-kabu, da cinikin da shago zai rasa ranar da ka rufe shi. Abin da ya fi wannan ciwo ba ya shiga lissafi: matan da suka ga hoton bai fi na wayar ƙanwarsu ba, ba za su sake kiranka ba, kuma za su gaya wa wasu. Hawan Sallah sau biyu ne a shekara. Kokowar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa, zagaya jihohi takwas take yi, ba kowace shekara take sauka Maraɗi ba. Ba a ɗora jarin jika 250 a kan ranakun da za a ƙirga da yatsu.

Abin da ya fi dacewa da aikinka shi ne kyamara mai sauya gilashi ta hannu, irin Nikon D3200 ko D3300, ko Canon 600D ko 700D, da gilashinta na milimita 18-55. Ka ƙara mata gilashin 35 ko 50 mai f/1.8, da filash na waje wanda ake juya kansa ya doki silin ko farin bango. Gilashin f/1.8 yana shigar da haske kusan sau 13 fiye da f/6.5, a kan sansar da ita ma ta ninka, kuma shi ne ke dusashe bayan mutum, irin hoton da amare ke so. Ka kula da abu guda: ƙananan Nikon ɗin nan ba su da injin saita gilashi a jikinsu, saboda haka ka nemi gilashi mai rubutun AF-S. Tsohon 50 mai harafin D yana da araha, zai hau, amma sai ka riƙa saita shi da hannu. In kasuwa ta buɗe, ka ƙara 70-300, wanda a kan Nikon yake daidai da milimita 450, ya ishe ka yawancin aikin hawa.

In kuma ranka ya kafe a kan kyamara guda mai yin komai, duba Panasonic FZ1000. Nisanta milimita 400 ne kawai, amma sansarta ta inci ɗaya ta ninka ta P900 sau huɗu, tana da mazaunin filash da kafar makirfo, tana ɗaukar bidiyon 4K. Akwai kuma FZ300: ƙaramar sansa ce, sai dai ƙofarta na nan a f/2.8 har ƙarshen milimita 600, kuma an yi mata kariya daga ƙura da yayyafi. Wannan kariyar ba abin rainawa ba ce a nan. Gilashin kyamarar burij fita yake yi yana komawa, duk fita da komawa yana zuƙar iska, iskar kuma da ƙurarta. In ƙura ta zauna a sansar kyamara mai sauya gilashi, ka cire gilashi ka hure. In ta zauna a ta P900, sai an kwance kyamarar ɗungurungum, in kuma yashi ya shiga haƙoran injin zum ta tsaya, aiki ya tsaya gaba ɗaya, don ba gilashin da za ka ara ka sa.

Ko wacce za ka saya, kada kuɗi su bar aljihunka sai ka gwada ta da hannunka. Ka fitar da zum ka mayar kamar sau goma, kunnenka a jikinta. Ƙarar gurza ko tsayawa a tsakiya alamar yashi ce. Ka jawo zum ƙarshe, ka sa f/8, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka duba a kwamfutar shagonka: baƙin ɗigon da ke maimaita kansa a wuri ɗaya ƙura ce a ciki. Ka haska tocilan waya cikin gilashi. In ka ga zare-zare fari, funfuna ce, kuma kayan da suka daɗe a Kwatano ko Legas sun fi kamuwa da ita saboda danshi. Ka manna jarida a bango ka ɗauke ta, ka ga ko rubutun kusurwoyi huɗu ya fito daidai. In gefe ɗaya ya dushe, wataƙila kyamarar ta taɓa faɗuwa. Sannan ka shiga ɗaki da ita bayan magariba ka ɗauki mutum, ka wanke hoton a girman 20 da 30. Wannan takarda guda za ta ba ka amsar da ta fi tawa. Mai sayarwar da ya ƙi waɗannan gwaje-gwaje, bar masa kayarsa. Ka karɓi takardar ciniki mai lambar jikin kyamarar da shaidu, don kayan sata na yawo. In daga Katsina ko Kano za a kawo maka ta hanyar Jibiya, ka mayar da farashin naira zuwa sefa da canjin ranar, ka ɗora kuɗin mota da na duwan kafin ka ce ta yi araha.

In duk da haka P900 ɗin ce ta zo hannunka, ga yadda za ta ba ka mafi kyawun abin da take iyawa. Kashe zum na dijital, yanka hoto kawai yake yi. Ga dawaki da kokowa sa ta a S, wato inda kai kake zaɓar saurin ƙiftawa, ka zaɓi 1/1000 na daƙiƙa, kada ISO ya wuce 400. Ka rage haske da -0.3 ko -0.7 in fararen riguna da rawuna sun yi yawa. Ka jingina da bango ko ka sa maɗori, ka ɗauka da safe ko bayan la'asar. Tana harba hoto 7 a daƙiƙa guda sannan ta tsaya rubutawa a kati, don haka kada ka danna sai kaye ya zo, in ba haka ba za a yi shi tana numfashi. Batirinta hoto 360 ne a ma'aunin kamfani, yawan zum kuma na rage shi. Ka sayi na biyu da cajar waje, tunda a jikinta take caji kuma ka san halin wuta. Bidiyonta yana yankewa kafin minti 30, ka san da wannan in wa'azi ko walima aka ba ka. Ka sa mata matatar kariya ta milimita 67 a gaban gilashi, ka ajiye ta cikin jaka mai zif, ba a kan kanta ba.

Game da jika 300 ɗin: kada abin da zai tafi kan kyamara da kayanta ya wuce 200. Sauran ka bar wa takarda da tawada, su ne ke juya shagon kullum, kuma injin wankin da kake da shi ne fifikonka a kan sauran masu hoto, don kana iya miƙa hoto tun baƙi ba su watse ba. Kafin ka saya, ka yi hayar kyamara mai sauya gilashi a buki ɗaya, ka ari ta burij a wani, ka rubuta hotunan da aka karɓa aka biya daga kowacce. Kowane aiki kuma ka karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, ka faɗi yawan hotunan da ke ciki tun a wurin ciniki.