Me ya sa wasu yankunan tattalin arziki na musamman ke cika da masana'antu, wasu kuma ciyawa ta cinye su?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Malam, na ga tambayarka: idan gwamnati ta keɓe fili ta kira shi yankin tattalin arziki na musamman, ta yafe haraji na wasu shekaru, ta kuma gina sabuwar tashar jiragen ruwa a kusa, shin wannan ya isa ya jawo kamfanonin waje? In ya isa, me ya sa wasu yankunan ke cika maƙil, wasu kuma ba abin da za ka tarar sai allon suna da maigadi? Yawancin waɗanda suka riga ni amsawa sun tsaya ne kan haraji da bashin Sin. Ni kuwa abincina a harkar fito da sufurin kaya yake, na daɗe ina kai da kawo tsakanin masana'anta da tasha, don haka bari in faɗi yadda abin yake daga inda muke tsaye.

Amsar a taƙaice ita ce bai isa ba. Mai masana'anta kwanaki yake ƙirgawa kafin ya ƙirga haraji.

Ɗauki mai ɗinka tufafi don fitarwa waje. Mai saye ya ba shi oda, ya kuma ba shi ranar da kaya za su hau jirgi, domin shagunansa na jiran su kafin yanayin sanyi ya shigo. Yadi da zare da maɓallai duk daga Asiya suke zuwa a kwantena. Idan kwantenar yadin ta maƙale a tasha mako biyu, teloli na zaune a gaban kekunansu ba aiki, albashi kuma yana tafiya. Kamfanin jirgi yana ba ka 'yan kwanaki kyauta, da sun ƙare sai tarar jinkiri ta fara hawa kullum, da dala, kowace kwantena da nata. Tashar ma tana cajin kuɗin ajiya daban. Da yadin ya iso a makare, sai a yi ta aikin dare, kuma in duk da haka jirgin ya tashi ya bar ka, zaɓi biyu ya rage: ko mai saye ya soke odar, ko ka ɗora kayan a jirgin sama da kuɗin aljihunka. Na sha ganin kuɗin jirgin sama na oda ɗaya ya cinye ribar watanni. A irin wannan shekara, wane amfani yafe harajin riba ya yi wa wanda bai ci riba ba?

Bankin Duniya ya fitar da wani bincike a 2012 kan tashoshin Afirka kudu da Sahara. Ya gano cewa kaya kan yi kusan kwana 20 a yawancinsu kafin su fita, alhali a manyan tashoshin duniya kwana 3 zuwa 4 ne. Abin da ya fi jan hankalina a ciki shi ne, mafi yawan kwanakin nan ba wajen sauke kaya daga jirgi suke tafiya ba. Takardu ne ke cinye su, da jiran sa hannu, da masu shigo da kaya da suka mayar da tasha sito saboda ajiyarta ta fi arha, da kuma waɗanda jinkirin ne hanyar cin abincinsu. Wato za ka iya cin bashi ka sayo sabbin injinan ɗaga kaya, kwanakin nan su ƙi raguwa.

Akwai abin da ya fi jinkirin kansa ciwo, shi ne rashin tabbas. Idan na san kullum kwana 10 ne, zan tsara aikina a kan kwana 10. Amma idan yau 5 ne, wata mai zuwa 25, dole in tara ɗanyen kaya na wata biyu ko uku a sito don gudun tsayawar aiki. Wannan jari ne a kwance, da kuɗin banki a kansa, kuma abokin gasata a wata ƙasar ba ya ɗauke da wannan nauyin.

Shi ya sa in kamfani ya turo wakilansa su duba yanki, za ka ga suna sauraron jawabin jami'ai cikin ladabi, suna karɓar ƙasidu masu sheƙi, amma da an tashi sai ɗaya ya sulale. Zai je bakin ƙofa wajen direbobin tirela ya tambaye su tun yaushe suke kan layi, shinge nawa ne tsakanin nan da tasha, kuma nawa ake ajiyewa a kowanne. Zai nemi manajan wata masana'anta da ta riga su zama, ya tambaye shi sau nawa wuta ta ɗauke a watan jiya. Maganar wuta ba ta kuɗin man janareto kaɗai ba ce. Injin da ke narka roba, in wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki, robar daskarewa take yi a cikinsa, sai an ɓata sa'o'i ana ƙwaƙulewa. A wajen rini kuwa, launin wannan zubin ba zai zo daidai da na baya ba, mai saye kuma ya ce ba ya so. Abin da direba da manajan nan suka faɗa shi ke shiga rahoton da za a kai hedikwata.

Ban ce haraji ba komai ba ne. Yafe kuɗin fito a kan injina da ɗanyen kaya wajibi ne ga mai fitar da kaya waje, in babu shi ba ma za a fara magana ba. Amma kowa na bayarwa. Hukumar kasuwanci da ci gaba ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCTAD, ta ƙirga irin waɗannan yankuna kusan 5,400 a ƙasashe 147 a rahotonta na 2019. Abin da kowa ke rabawa kyauta ba zai bambanta ka da kowa ba. Ga kuma yarjejeniyar 2021 ta mafi ƙarancin haraji na kashi 15 cikin 100 a kan manyan kamfanonin duniya, wadda ƙasashe da dama suka fara aiki da ita daga 2024. Idan ka yafe wa irin wannan kamfani, ƙasarsa ta asali na iya karɓar abin da ka bari. Ka yi asara, shi kuma bai ƙaru da komai ba.

Sai maganar wuri, wadda a ganina ita ce ta fi kashe yankuna tun kafin a aza tubali. Gina rumfuna ba ya kafa kasuwa. Inda hanyoyi suka haɗu mutane ke tsayawa, rumfa daga baya take zuwa. Kowa na ambaton Shenzhen, amma ba kasafai ake faɗin abin da ke gefenta ba. A 1980 da Sin ta ware ta tare da Zhuhai da Shantou da Xiamen, Hong Kong na tsallaken iyaka da babbar tasharta, da bankunanta, da masu masana'antun da tsadar fili da ta ma'aikata ta ishe su. Harshensu ɗaya da mutanen wannan yanki, da yawa ma danginsu na can. Ƙofa kawai aka buɗe musu. Haka Maroko ta yi da tashar Tanger Med a 2007: ta gina ta a mashigin Jibralta, kimanin kilomita 14 daga gaɓar Sifen, inda manyan jiragen da ke tsakanin Asiya da Turai da Amurka suke wucewa dama. A 2012 Renault ya buɗe masana'antar motoci a kusa, aka ja layin dogo daga masana'antar har cikin tasha, masu yin kujeru da wayoyin mota suka biyo shi. Jebel Ali ta Dubai ma tashar aka fara buɗewa a 1979, yankin ya biyo baya a 1985 da kamfanoni 19 kacal.

Yanzu ka dubi Hambantota a Sri Lanka, tunda 'yan'uwa sun kawo ta a kan maganar bashi. An buɗe ta a 2010 da rancen Sin, a mahaifar shugaban ƙasar na lokacin, Mahinda Rajapaksa. Tana dab da babbar hanyar jiragen ruwa ta Tekun Indiya, amma babu masana'antu a bayanta, tashar Colombo, babbar tashar ƙasar, kuma tana biyan buƙatar kamfanonin jirage. Shekarun farko jirage ƙalilan ne suka leƙa ta. A 2017 aka ba kamfanin China Merchants hayarta ta shekara 99 a kan dala biliyan 1 da ɗoriya. Mutane na tsayawa kan wanda ya ba da bashin. Ni tambayar da nake yi ita ce, wa ya ƙirga kayan da za su bi ta tashar kafin a ci bashin? Jirgi kaya yake bi. Manyan jiragen yanzu na ɗaukar kwantena sama da 20,000, suna buƙatar zurfin ruwa wajen mita 16, kuma ba za su karkata hanya don kwantena ɗari biyu ba. Sannan tashar da kwantena ke shigowa cike su koma wayam, wani ne ke biyan kuɗin komawar, a cikin kuɗin dakon ake cusa shi.

Tasha kuma ba ta ƙarewa a bakin ruwa. Idan an sauke kwantena cikin awa biyu, ta yi kwana uku tana neman fita ta hanya ɗaya da ta ratsa tsakiyar gari, an yi ba a yi ba. Layin dogo da tashar tsandauri a cikin ƙasa suna taimakawa sosai, amma da sharaɗin kwastam su yarda a gama komai a can, kar a buɗe kwantena a bakin ruwa a sake buɗe ta a tudu.

Wannan ya kawo ni ga abin da ake kira ofishi guda, inda aka ce mai zuba jari zai gama duk takardunsa. Kusan kowane yanki na tallata shi. Abin dubawa shi ne ko jami'in da ke zaune a wurin yana da ikon sa hannu, ko kuwa karɓar takarda kawai yake yi ya aika babban birni. In na biyun ne, ofishi ɗaya aka ƙara maka a kan waɗanda kake zagayawa da ma. Yankin Dakar na Senegal an kafa shi a 1974, amma yawan takardu da tsauraran sharuɗɗa da tsadar wuta suka hana shi tashi, har aka rufe shi a 1999.

Ko an gyara duk waɗannan, akwai abin da ya fi ƙarfin hukumar yanki, wato kasuwar da za a kai kayan. Habasha ta buɗe yankin masana'antu na Hawassa a 2016, ta haɗa Addis Ababa da tashar Jibuti da layin dogo na lantarki mai tsawon kilomita 750 da wani abu, ga wuta mai arha. Kamfanonin tufafi suka zo, har da PVH mai Calvin Klein da Tommy Hilfiger. Babban abin da ya jawo su shi ne dokar AGOA, wadda ta ba kayan wasu ƙasashen Afirka damar shiga Amurka ba kuɗin fito. Yaƙin Tigray ya ɓarke a arewacin Habasha, Amurka ta cire Habasha daga tsarin daga Janairun 2022, PVH ya rufe masana'antarsa, dubban ma'aikata, galibinsu mata, suka rasa aiki. Gine-ginen na nan lafiya lau. Masana'antar ɗinki ba ta da saiwa, kekuna ne, a kwantena suka zo, a kwantena za su koma.

Shi ya sa nake ganin tambayarka na da wutsiya, Malam: in sun zo ɗin, me ƙasa ta samu? Idan komai daga waje yake shigowa, har kwali da leda, abin da ya rage a gida albashi ne kawai, shi ma mafi ƙanƙanta, bayan an tashi manoma daga filinsu an kuma yafe haraji. Wani lokaci ma kamfanonin gida ne ke tsallakawa cikin shingen don su guje wa harajin da da suke biya, sai a ƙirga su a matsayin sabon jari. Koriya ta Kudu ta kauce wa wannan a yankin Masan da ta buɗe a 1970. Ta ba kamfanonin gida da ke sayar wa masana'antun yankin kaya irin sassaucin kuɗin fito da na cikin yankin ke samu a kan ɗanyen kayansu, ta kuma bar na ciki su riƙa ba na waje aikin kwangila. A hankali kayan haɗi da yawa suka koma ana yin su a gida, ma'aikatan da suka koyi aiki a ciki suka fita da ƙwarewarsu. A wurare da yawa akasin haka ake yi: ƙaramin mai yin kwali da ke bayan katangar yankin, in zai sayar wa masana'antar da ke ciki, sai ya cike takardu kamar mai fitar da kaya ƙasar waje, ya kuma jira watanni kafin a mayar masa da harajinsa. Manajan sayayya ba zai jira shi ba, kwalin ma daga waje zai yi odarsa.