Kalmar "seised" a takardar gida ba ƙwace take nufi ba

Malam, na duba kwafin takardar cinikin gidan mahaifinku da ke Agege, wadda aka rubuta a 1974, kuma iyakar abin da na gani, ba na jin kalmar da ta tayar maka da hankali tana nufin abin da 'ya'yan mai sayarwar suke faɗa, wai ƙwace gidan aka yi daga hannun ubansu. "Seised" daban take da "seized" ta ƙwace, ko da yake tushensu ɗaya. Tsohuwar kalmar aikatau ce da ta shigo Turanci daga Faransancin Normawa bayan sun ci Ingila da yaƙi a 1066, ma'anarta kuwa a damƙa wa mutum fili ya zama shi ke riƙe da shi. A wancan zamani mai sayarwa yakan tsaya cikin filin gaban shaidu, ya ɗauki dunƙulen ƙasa ko ɗan reshe ya miƙa wa mai saye, shi ke nan ciniki ya faɗa. Dokar kadarori ta 1925 ta kawar da wannan al'ada a Ingila, kalmar ma ta daɗe da fita daga bakin jama'a, amma mu lauyoyi, da ba ma iya zubar da tsohon kaya, muka ci gaba da kwafarta. Jimlar da kalmar take ciki a takardarku dai cewa take yi gidan na mai sayarwa ne a ranar da ya sayar, wato ku take taimaka wa. Ina mamakin wanda ya fassara musu, in ma lauya ne.

Sai dai kada ka ɗauka takardar ta gama komai. Dokar amfani da ƙasa ta Najeriya ta 1978 ta sanya filaye a hannun gwamnan jiha bisa amana, saboda haka abin da kuka gada, a mafi yawan hali, izinin zama ne, kuma sayar da shi sai da amincewar gwamna. A bincika ofishin rajistar filaye na jihar Legas da ke Alausa, a Ikeja, ko an yi wa takardar rajista, ku kuma karɓi takardar izinin kula da gado, kamar yadda aka saba.

Kotu kuwa ban ba ka shawarar garzayawa yanzu ba, domin shari'ar fili tana cin shekaru. Ku fara zama da 'ya'yan mai sayarwar gaban Sarkin Hausawan Agege ko a cibiyar sulhu ta babbar kotun Legas, ka tafi da ainihin takardar, kada kuma ka bar ta a hannun kowa.