Lauya zai gaggauta bizar maiɗakinka zuwa Ingila?

Wani ɗan'uwa mai aiki a Bamingam ya rubuto yana cewa: "Na samu takardar zama ta dindindin a Ingila. Iyalina tana Agege a gidan iyayenta, surukina har ya fara tambaya ko na manta da 'yarsa ne. Wani mutum a Ikeja ya ce musu in an ba shi kuɗi zai haɗa mu da lauya, biza ta fito cikin mako 2. Shin ɗaukar lauya yana rage jinkiri?"

Malam, Allah ya sada ku da alheri. Lauya ba ya tsallakar da kowa layi. Masu yanke hukunci kan bizar aure jami'an Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Birtaniya ne, kuma wa'adin da suka saba bayarwa mako 12 ne daga ranar da matarka ta je cibiyar karɓar takardun biza ta VFS Global a Legas aka ɗauki hoton yatsunta. Da lauya da babu lauya, layin ɗaya ne. Hanyar gaggawa da doka ta sani ita ce ka biya ƙarin fam 500 idan akwai gurbi, a yi ƙoƙarin amsa maka cikin kwanakin aiki 30. Wannan kai ma kana iya biya daga wayarka. Duk wanda ya ce mako 2, ko ya ce yana da mutum a ciki, kuɗinku yake so.

To amma jinkirin da ya fi cin rai ba wannan makonni 12 ba ne. Shi ne a jira su cika, sannan amsa ta zo an ƙi. Kuɗin neman bizar ya tafi ke nan (kuɗin kula da lafiya da ake biya tare da shi ne kawai ake mayarwa), sai a sake daga farko ko a ɗaukaka ƙara, ita kuwa tana iya cin watanni da dama. Lauyan kirki a nan yake da rana: ya hana a ƙi ku tun farko.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne shaidar kuɗi. Tun 11 ga Afrilu 2024, dole mijin ya nuna yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara, ko kuma ajiyar fam 88,500 da ta yi wata 6 a banki. Mutum zai kai wannan albashin amma ya faɗi a takarda. Ana son takardun albashi na wata 6, da bayanan banki da ke nuna shigar kuɗin daidai da abin da ke takardun, da wasiƙar wurin aiki, kuma takardar ƙarshe kada ta wuce kwana 28 kafin ranar da aka tura neman. Wata ɗaya ya ɓace a tsakani, ko aikin da ake biyanka a hannu, ya isa ya rusa komai. A ɓangarenta kuma akwai gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, wanda takardarsa wata 6 take yi, da jarrabawar Turanci ta matakin farko, wato A1. Sakamakon WAEC ba ya maye gurbinta, ko da ta ci Turanci da kyau. Ku kuma duba sunanta: fasfo ya ce Aisha, takardar aure ta ce A'ishatu, ranar haihuwa ta bambanta. A gyara wannan a Legas kafin a tura komai.

Idan aikinka ɗaya ne, albashinka ya haura ƙa'ida, auren nan shi ne na farko a gare ku duka, kuma ba a taɓa hana ta biza ba, ni dai ban ga dalilin kashe kuɗi mai yawa ba. Ka cike fom ɗin da kanka, in ka ga dama ka biya lauya ya duba takardun sau ɗaya.

Inda nake cewa kada a taɓa fom sai da lauya shi ne inda al'adarmu ta ci karo da dokarsu. Ba ka faɗa mini ko ka taɓa aure ba. In ka taɓa, kuma a Ingila ka furta sakin ba tare da kotu ba, dokarsu ba ta ɗauke shi saki, wannan kuwa yana iya shafar ingancin auren na yanzu a idonsu. In kana da uwargida da ta riga ta shigo ƙasar a matsayin matarka kuma auren na nan, ba za su ba amarya bizar aure ba. In wakili ne ya karɓa maka auren kana can, wannan ba ya ɓata shi matuƙar ya inganta a dokar Najeriya, amma sai kun nuna kun taɓa haɗuwa ido da ido. Haka nan in sana'ar kanka kake yi, ko an taɓa hana ta bizar ziyara. Ita wannan ta ƙarshe a faɗe ta a fom ɗin. Ɓoyewar ta fi hanawar illa.

Sai maganar mutumin Ikeja. Masu irin wannan aiki su ne ke cusa bayanan banki na bogi ko wasiƙar aikin da ba a yi ba, wai don takarda ta yi nauyi. Ranar da aka gano, sunan matarka ne a kan fom ɗin, ita za a rubuta wa yaudara, abin ya bi ta duk neman da za ta yi nan gaba. Sauri ya haifi nawa ke nan. Lauyan da za ka ɗauka ka neme shi a can inda kake, ka tabbatar sunansa na cikin rajistar SRA ta lauyoyi ko ta IAA, hukumar kula da masu ba da shawara kan shige da fice, wadda a da ake kira OISC. Ya rubuta maka kuɗin aikinsa kafin ka biya, kuma adireshin imel da lambar sirrin neman bizar su kasance a hannunku.

Shi kuma Baba surukinka, ka kira shi da kanka, kada ka bar saƙo a bakin 'yarsa. Ka gaya masa watan da takardun albashinka za su cika 6, da lokacin da za ta yi gwajin asibiti da jarrabawa, ka roƙe shi kada a ba kowa fasfonta ko kobo ɗaya sai an ji daga gare ka.